Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Kwamfutocin Da Suka Ƙi Tashi

Da safiyar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, ma'aikata a filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna a sassa daban-daban na duniya suka tarar da kwamfutocinsu sun ƙi tashi. Da an kunna sai allo ya yi shuɗi, na'urar ta mutu, ta sake kunna kanta, ta koma kan shuɗin allon, ba tare da ta kai inda ake shigar da kalmar sirri ba. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Kamfanin jiragen sama na Delta a Amurka ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya tafka asarar dala miliyan 500. A Ingila, likitoci da dama sun kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu.

Babu hannun masu kutse a wannan aika-aika. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Jihar Texas ne ya aika wani ɗan fayil mai kuskure ga manhajarsa ta Falcon. Ita wannan manhaja tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, tana kuma cikin abubuwan da ke fara tashi idan an kunna na'ura. Saboda haka da ta yi tuntuɓe, sai ta fāɗi da Windows ɗin baki ɗaya. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin minti 78, amma aikin gama ya riga ya gama, domin na'urar da ke mutuwa kafin ta kama intanet ba ta da hanyar karɓar gyara daga nesa. Dole aka bi yawancinsu ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Abin mamaki, maganin bai taka kara ya karya ba: a tayar da kwamfutar a yanayin da Windows ke kira Safe Mode, inda take tashi da muhimman manhajoji kaɗai, a goge fayil guda mai lamba 291, a sake kunnawa. Inda gizo ya yi saƙa shi ne na'urorin da aka kulle ma'ajiyarsu da BitLocker. Irin waɗannan ba sa barin a shiga wurin gyara sai an rubuta makulli mai lambobi 48. Wasu ma'aikatu kuwa sun adana makullansu ne a cikin kwamfutocin da su ma suka ƙi tashi, tamkar wanda ya kulle ɗaki ya bar makullin a ciki.

Wannan darasi ya shafi ɗalibin da kundin bincikensa ke cikin kwamfuta ɗaya tilo, da malamin da sakamakon jarrabawar ɗalibansa ke can, da ɗan kasuwar da lissafinsa na shekara ke ciki. Idan kwamfuta ta maƙale wajen tashi, a mafi yawan lokuta bayanan da ke cikinta suna nan lafiya, ƙofar shiga ce kawai ta cije. Babban haɗari shi ne gaggawar kai ta wurin mai gyaran da ba ya da wata dabara sai goge komai ya zuba sabon Windows. Kwamfuta za ta tashi kam, amma aikin shekaru ya tafi.

Kafin a kai ga haka, akwai matakan da mai kwamfuta zai iya bi da kansa. Da farko ya cire duk abin da aka jona mata, kamar filas da firinta, ya bar caja kaɗai, ya kuma ba ta lokaci, domin wani zubin sabuntawa take ƙarasawa. Idan ta ci gaba da tsayawa, ya danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ya sake kunna ta, ya kashe ta da zarar tambarin Windows ya bayyana. Bayan sau biyu ko uku, Windows 10 da 11 kan buɗe shafin gyara da kansu. A nan akwai zaɓin gyaran tashi, da na cire sabuntawar ƙarshe, da na mayar da na'ura yadda take a wata rana da ta wuce, da na shiga Safe Mode ta hanyar danna lamba 4 a jerin zaɓin tashi. Duk waɗannan ba sa taɓa takardu da hotuna. Wanda ya samu shiga, aikinsa na farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa waje, sannan ya cire manhajar da ya saka daga baya-bayan nan. Idan kuwa ma'ajiyar na ƙara ko kwamfutar ta daina ganinta, to a daina kunnawa, a nemi ƙwararre, a kuma gindaya masa sharaɗin fitar da bayanai kafin komai.

Sai dai duk waɗannan matakai sun dogara ne ga tanadin da aka yi tun na'ura na da lafiya. Sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle ma'ajiyarsu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, su ajiye makullin a cikin asusun, alhali masu su ba su sani ba. Wanda wani ya buɗe masa asusu a shago, bai kuma karɓi kalmar sirrinsa ba, yana iya wayar gari bayanansa na gabansa amma babu mai iya buɗe masa su, komai ƙwarewar mai gyara.

Saboda haka, mai karatu, tun yau ka shiga asusunka ka kwafe lambobin nan 48 a takarda, ka adana ta nesa da kwamfutar. Ka tanadi filas na musamman mai ɗauke da kayan tayar da Windows. Ka riƙa ajiye kwafin aikinka a wuri na biyu duk mako. Su kuma jami'o'i da asibitoci da bankunanmu, ya kamata su riƙa gwada kowace sabuntawa a kan 'yan na'urori kafin su sake ta ga saura, su kuma tabbatar akwai makullansu a rubuce a inda za a same su ko da babu kwamfuta ɗaya da ta tashi.