Kiwon Kifin Diskas: Ribar Zaɓen Iri da Hasararsa

Gabatarwa

Idan aka ambaci kiwon kifi, abin da ya fi saurin zuwa zukatanmu shi ne tarwaɗar da ake kiwo domin tukunya ko kasuwa. To, amma akwai kifayen da ake kiwo a tankin gilashi domin kallo kawai, kuma a cikinsu akwai wanda masu wannan sha'awa suke yi wa laƙabi da sarkin kifayen ado, wato diskas. A wannan maƙala zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin asalinsa, da yadda ake zaɓen irinsa daga wanda aka kamo a kogi, da kuma wani darasi da na koya bayan na tafka hasara.

Asalin Kifin

Sunan diskas ya samo asali ne daga siffarsa, domin jikinsa shafal yake kuma kewayayye, kai ka ce faifai ne aka tsayar a cikin ruwa. Babbansa yakan kai tsawon santimita 15 ko ya ɗan haura. Mazauninsa na asali shi ne kogin Amazon da rassansa a ƙasashen Birazil da Feru da Kolombiya, inda yake fakewa a ruwa mai kwanciya, tsakanin saiwoyi da rassan itatuwan da suka nutse. Danginsa ɗaya da karfasar da muka sani a kogunanmu.

Wani masanin kifaye ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Johann Jacob Heckel ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a shekarar 1840, ya kuma raɗa wa jinsin suna Symphysodon. Masu kiwo sun kasa na kogi gida huɗu: mai ruwan ƙasa, da shuɗi, da kore, da kuma wanda ake kira da sunan Heckel ɗin. Kowannensu yana da zane tara a tsaye a jikinsa, sai dai a jikin na Heckel zane na biyar ya fi sauran kauri da duhu.

Yadda Yake Renon 'Ya'yansa

Wannan shi ne abin da ya bambanta diskas da yawancin kifaye. Mace takan jera ƙwai ɗari ko fiye a jikin wani abu da ke tsaye, namiji ya bi bayanta ya barbare su. Daga nan su biyun sukan yi ta yi wa ƙwan fifita da fikafikansu har su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan 'yan kwanaki, da zarar 'ya'yan sun fara iyo, sai su yanyame jikin iyayen suna tsattsagar wani yauƙi da fatar iyayen ke fitarwa. Wannan yauƙi shi ne abincinsu na farko. Idan uwa ta gaji sai ta girgiza jiki ta watsa su wajen uba, shi ma in ya gaji ya mayar mata.

Wani bincike da Jonathan Buckley da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa yauƙin yana ɗauke da sinadaran garkuwar jiki, kamar dai yadda nonon uwa yake, kuma a mako na uku iyayen sukan fara guje wa 'ya'yan, tamkar yaye. Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan: a lokacin reno jikin iyayen yakan yi duhu, su kuma 'ya'yan abu mai duhu suke bi.

Matakan Zaɓen Iri

Zaɓen iri shi ne mai kiwo ya riƙa ware kifayen da suke da siffar da yake so, ya bar su kaɗai su hayayyafa, zuriya bayan zuriya, har siffar ta zauna daram. Wanda zai fara da kifin kogi, matakin farko shi ne killace shi na wasu makonni, a yi masa maganin tsutsar ciki da ƙwarin da ke maƙale masa a jiki. Sai kuma ruwa. Diskas yana son ɗumi na digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, da ruwa mai ɗan tsami wanda ba shi da ma'adinai da yawa, irin na mahaifarsa. Idan ma'adinai suka yi yawa, ƙwan ba sa ƙyanƙyashewa yadda ya kamata.

Bambance mace da namiji da ido yana da wuya, don haka akan haɗa matasa shida zuwa takwas a tanki guda, a bar su su zaɓi juna. Biyun da suka ware kansu suna korar saura, su ake mayarwa wani tankin, a ajiye masu wani dogon kasko mai tsini da za su jera ƙwai a kai.

Idan 'ya'yan sun tasa, sai a zo tankaɗe da rairaya. Ana duba kewayar jiki, da tsabtar zane, da ƙarfin launi, da girman ido, domin idon da ya yi wa jiki girma alama ce ta tsumburewa. Kifin yakan kai kimanin shekara guda kafin ya isa haihuwa, ke nan mai son kafa sabon iri sai ya yi shirin aikin shekaru, ba na watanni ba.

Ta wannan hanya ce Dokta Eduard Schmidt-Focke a Jamus da Jack Wattley a Amurka suka fitar da ire-ire masu shuɗi mai sheƙi da ya mamaye jiki. A farkon shekarun 1990 kuma, Kitti Phanaitthi na ƙasar Tailan ya fitar da irin da ake kira Pigeon Blood, mai farin jiki da ratsin ja, wanda ba shi da zanen nan tara. A yau Tailan da Maleshiya suna cikin manyan masu fitar da diskas na gida zuwa kasuwannin duniya.

Hasarar da Na Tafka

Ni ma launi ne ya ja ni. Na tara 'yan kuɗaɗena na sayi matasa shida masu ruwan ɗorawa a wani shagon kifin ado a Legas. Bayan kusan shekara guda biyu daga cikinsu suka haɗu, suka yi ƙwai, ƙwan suka ƙyanƙyashe. Murna har kunne. Amma da 'ya'yan suka fara iyo, sai na ga sun bar iyayen sun taru a jikin baƙin soson da ke tace ruwa. Iyayen sun kasa yin duhu, domin an riga an zaɓe duhun daga jininsu. Cikin 'yan kwanaki yunwa ta kashe 'ya'yan kaf, ga abinci a kusa da su amma ba su gane shi ba.

Daga baya na fahimci cewa masu kiwon ire-ire masu haske sun daɗe da sanin wannan matsala. Wasu sukan cire duk wani abu mai duhu daga tankin su kuma rage ruwa, wasu su kai 'ya'yan wajen wasu iyayen masu duhu su yi masu riƙo, wasu kuma su raine su da hannu da haɗin gwaiduwar ƙwai. Duk waɗannan dabaru suna ceton 'ya'yan, sai dai suna ɓoye aibin, har ya wuce zuwa zuriya ta gaba. Haka kuma yawan haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya domin tsare launi yakan jawo raunin jiki da nakasa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Muhimmancin Kifin Kogi

Dalilin da ya sa ƙwararru suke komawa ga kifin kogi ke nan, duk da tsadarsa da wahalar sabonsa da tanki. A kogi, duk kifin da bai iya reno ba zuriyarsa ba ta ɗorewa, saboda haka wanda ya zo daga can yana ɗauke da ƙarfin jiki da halin reno cikakke. Idan aka haɗa shi da na gida, jini yakan sabunta, ko da yake launin da aka sha wahalar tarawa yakan ɗan koma baya. Ya kamata kuma mai saye ya tuna cewa masunta ne a yankuna irin su Tefé da Santarém na Birazil suke kamo shi, kuma abincinsu ya dogara ne ga ɗorewar kifin a kogi.

Kammalawa

Zaɓen iri yana ba mutum abin da ya sa wa ido, amma abin da bai duba ba yana iya salwanta ba tare da ya ankara ba. Shawarata ga duk ɗalibin da wannan sha'awa ta kama ita ce, kafin ya tambayi mai sayarwa sunan launin kifi, ya fara tambayarsa ko iyayen kifin ne suka raine shi da kansu. Ni dai yanzu masu ruwan ƙasa nake kiwo. Ba su kai na farko ɗaukar ido ba, amma na ga 'ya'yansu a jikinsu suna ci.