Dawa Ta Nuna, Rumbu Babu Kowa

Girbin dawa ne ya kai ni wani ƙauye a ƙarshen 2022. Yana gaɓar kogin Nilu, kudu da garin Damazin, a jihar da mutanen Sudan ke kira Nilul Azraƙ. Tun daga hanya na ga zangarniya ta nuna har ta sunkuya, tsuntsaye suna ta biki a kanta, amma babu ko magirbi ɗaya. Aka tarbe ni da gahawa, sannan aka kai ni wurin wani dattijo da ke gyaran koma a gindin giginya.

Na ce, "Baba, ga dawa tana zuba a gona, ga rumbunanku a buɗe babu komai."

Ya daɗe bai ɗago ba. Hausarsa tsohuwa ce, Larabci ya ratsa ta nan da can. Ya ce tun watan Yuli ba wanda ya kuskura ya taka gonar da ke bayan tsauni. A watan ne rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. A nan, sarauta da ƙasa tare suke tafiya. Sama da mutum 100 suka rasu. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a yankin Wad al-Mahi, ta ci fiye da 200.

"Ɗana, kakana ya zo nan da ƙafa, niyyarsa Makka. Guzuri ya ƙare masa, ya tsaya noma. Kabarinsa yana can, na ubana yana gefensa. Yau yaron da na ga haihuwarsa yana ce mini baƙo."

Labarin kakansa labarin dubbai ne. Wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazai. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Wasu kuma aikin auduga na Jazira, da aka buɗe a 1925, ya tsayar da su.

Na ɗauka zai yi ta zagin maƙwabtansa. Bai yi ba, kuma wannan ya fi komai taɓa ni. Ya ce da can daji yana da faɗi, mai unguwa ya nuna maka fili, ka sare, ka ba da ɗan abin da aka saba bayan girbi, shi ke nan. Daga baya wata doka ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, kuma wa ke da takarda a ƙauye? Manyan gonakin tarakta suka shigo, ɗan kasuwa ɗaya ya riƙe abin da gari guda zai noma. Da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsayin mita 10, aikin da ya kammala a 2013, ruwa ya cinye fadamun da ake noman albasa da kuɓewa, aka tayar da ƙauyuka. Abin da ya rage ɗan tsiri ne, a kansa talaka da talaka suke kallon juna.

Na tambaye shi ko addini ne a ƙarƙashin abin. Ya girgiza kai. Ya ce akwai Kiristoci can kudu, suna sayen kifinsa shekara da shekaru. Waɗanda aka yi faɗan da su kuwa, alƙibla ɗaya suke kallo, sahu ɗaya suke tsayawa ran Juma'a kafin wannan shekara.

Wata tsohuwa da ke tankaɗe a kusa ta sa baki. Ta ce 'ya'yanta biyu sun tafi Sannar neman ƙwadago, sun bar mata jikoki biyar, tuwo sau ɗaya suke ci a rana. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da zan tafi, dattijon ya ja ni cikin ɗaki ya nuna mini buhu biyu na dawa. Ya ce da asuba ya same su a ƙofar gida, makon da ya wuce. Daga gonarsa ta bayan tsauni aka yanko su, kuma ya gane ɗaurin bakin buhun: na maƙwabcinsa ne na gona, mutumin ɗaya ɓangaren, wanda rabonsu da gaisawa tun Yuli.

"Ka je ka yi masa godiya, Baba?"

Ya ce, "Idan na je, na tona masa asiri a wurin mutanensa."