Tokkuk: Romon Da Mutanen Koriya Ke Buɗe Sabuwar Shekara Da Shi

'Yan kasuwarmu na Maraɗi, Ƙonni da Jibiya masu sayo kaya daga ƙasashen gabashin Asiya sun san akwai lokacin da waya ke yin shiru, kamfanoni su rufe, kaya su makale a tashar jirgin ruwa. Lokacin bikin sabuwar shekararsu ke nan. A Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung da Hyundai, sunan bikin Solal, kuma hutun kwana uku ake yi tun daga shekarar 1989. Da wata suke lissafi, amma sukan ƙara wata guda bayan shekara biyu ko uku, shi ya sa bikin ba ya zagaya shekara kamar Sallarmu. Kullum yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ya zo ranar 29 ga Janairu.

To, me ake ci a wannan safiya? Wani romo ne mai suna tokkuk. Ana jiƙa farar shinkafa ta kwana, a niƙa, a turara garin, a kirɓa shi har ya yi danƙo, sannan a murza shi dogo kamar sanda. Idan ya kwana ɗaya ko biyu ya ɗan yi tauri, sai a yanka shi a karkace, fale-fale. A da a turmi ake wannan aiki. Yanzu masu injin niƙa ne ke yi, kuma ana gobe biki layi ake yi a ƙofarsu. Kada wani ya ce zai gwada da shinkafar buhu mai dogon tsinke da muke saye a bakin iyaka. Tasu gajera ce mai kama jiki, tamu kuwa wargajewa za ta yi.

Romon na naman sa ne, a dafa shi da tafarnuwa har ya yi laushi. Sai a zuba yankakken tuwon, kuma da zarar ya taso saman ruwa ya nuna, kamar dai yadda matanmu ke gane ɗanwake. A yi masa ado da soyayyen ƙwai da aka yanka siri-siri, da ganyen albasa, da busasshen ganyen teku. Can da, naman wani tsuntsun daji dangin zabo ake sawa, wanda bai samu ba ya yanka kaza. Wani littafin al'adunsu da Hong Sok-mo ya kammala a 1849 ya ambaci wannan abinci a bikin.

Komai na cikin kwanon da ma'anarsa. Farin launi tsarki ne, tsawon sandar fatan tsawon rai, yankan kuwa kamannin tsabar kuɗinsu na da gare shi, wato fatan ciniki ya yi albarka. Wannan kam kowane mai rumfa zai fahimta. Suna kuma cewa sai ka sha kwano guda shekara ke ƙaruwa maka, har akan tambayi yaro kwano nawa ya sha maimakon shekararsa nawa. A lissafinsu na gargajiya, ranar da aka haifi jariri shekararsa ɗaya. Gwamnati ta koma lissafin sauran duniya a watan Yunin 2023, amma barkwancin kwano bai mutu ba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne cin shinkafa ja da baya yake yi a can. A 1970 mutum guda kan ci kilo 136 a shekara. A 2023 bai wuce kilo 56 da ɗoriya ba. Mu a nan kuwa kullum tireloli ke shigo da ita.

Ga wanda fatauci zai kai Seul a wannan lokaci, a kula: gidaje da yawa na jefa mandu a cikin romon, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, kuma sau da yawa naman alade ne. Naman san ma ba lalle ba ne yankan Musulmi. Gidajen abincin halal suna unguwar Itewon, kewayen babban masallacin da aka buɗe a 1976. Mai jiran kaya kuma ya tura odarsa tun a Disamba, domin Sin ma lokaci guda take rufewa, kuma hutunta ya fi na Koriya tsawo.