Ko Kun Sani? Gilashin Ƙofar Mota Ba Ya Yankuwa

Gilashin ƙofar tsohuwar mota irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, dafaffe ne. A masana'anta ake gasa shi sama da digiri 600, a hura masa iska mai sanyi nan take. Sai bayansa ya ƙanƙame, ya ninka gilashin taga ƙarfi wajen sau 4. Amma daga nan babu yanka, babu huji. Wanda ya sa masa abin yanka, tsakuwa zai kwashe.

Rauninsa yana baki. Shi ya sa gwanin gyaran tsofaffin motoci ba ya gaggawa wajen mayar da shi: yakan karkata shi ya zura ta saman ƙofa, ya zaunar da shi cikin robar hanyarsa, ya bar notocin da ke riƙe shi sako-sako. Sai ya murɗa hannun ɗaga gilashi ya kai shi har sama, ya ga ya zauna daidai, sannan ya ɗaure.

Ruwan sama kuwa dole ya shiga ƙofar, komai sabuntar roba. Akwai 'yan ramuka a ƙasanta da yake fita. In mai fenti ya toshe su, tsatsa daga ciki za ta fara.