Tantance Raunin Ƙugu da Ƙafa Kafin a Kai Ɗan Wasa Wurin Ɗori

Manufar wannan takarda ita ce mu jawo hankalin malaman wasanni a kan bambanta targaɗe da karaya. A Ƙetare da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, matasa na kokawa, dambe, langa da ƙwallon ƙafa, kuma maɗori ne ya fi kusa da wanda ya ji ciwo.

Da farko, idon sawu. Bisa ƙa'idar da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992, wanda ya kasa taku 4, ko ya ji zafi in an danna bayan ƙashin idon sawu, lalle ne a ɗauki hoton ƙashinsa.

Na biyu, ƙugu. Yaron da bai gama girma ba, tsokar cinya kan fizge ɓallin ƙashin ƙugunsa yayin gudu ko shuri. Sau da yawa akan ɗauka ciwon tsoka ne, a yi ta murza, abin ya ƙara ta'azzara.

Na uku, ɗauri. In ya yi tsanani jini kan tsaya. Yatsu su yi sanyi ko su mutu, to a kwance nan take, a nufi asibiti. Karaya mai wuya kuwa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

Daga ƙarshe, gushewar zafi ba ita ce warkewa ba. Sai a bi mataki-mataki: motsa gaɓa, ƙarfafa tsoka, tsayuwa da ƙafa ɗaya, sa'an nan gudu. Muna ba da shawarar kada ɗan wasa ya koma fage sai ƙafar ta yi daidai da 'yar'uwarta wajen ƙarfi.