Kulocin ƙaramin tarakta: a duba shi tun kafin dashen albasa

Ƴan'uwa manoma, an kawar da gero, aikin garka ya zo. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, fadamun Adar ba su hutawa. Daga Tadis kusa da Tawa har Tamaske, Kaita da bakin tabkin Tabalak, albasa da tumatir ake yi. Yau wasu ƙungiyoyi suna kaftu da ƙaramin tarakta mai ƙafa 2, wanda ake bi a baya. Da yawa ƴan Sin ne, kuma sun kwana biyu. Irin albasa kuwa, in ya isa dashe, ba ya jiran makanike.

Abin da ya fi tsai da su shi ne kuloci, wanda makanikanmu ke kira ambireyaj. Aikinsa haɗa ƙarfin inji da ƙafafu, da raba su. A cikinsa akwai faifai mai fata. In ka saki hannun kuloci, sai a matse faifan, tarakta ya tafi. In ka ja, sai ya saki.

Ciwonsa iri 2 ne. Ko ya riƙa zamewa: inji na kuka, tarakta ba ya ja, kana jin ƙauri. Ko ya ƙi saki: ka ja hannu, amma giya ba ta shiga sai da ƙara.

Kashe inji tukuna. Kada a taɓa komi yana juyawa, a kuma kori yara.

Fara da bel, domin sau da yawa shi ne mai laifi, ana zagin kuloci a banza. Danna tsakiyarsa da yatsu. In ya lotsa santimita 2 zuwa 3, lafiya lau. In ya wuce haka, kwance kusoshin gindin inji, ka tura injin gaba kaɗan, ka ɗaure. Bel ɗaya ya tsufa? A sake su duka tare. Sabo cikin tsofaffi shi kaɗai zai ɗauki kaya, ba zai daɗe ba.

In bel lafiya yake, to duba bakin kuloci. Za ka ga ƴan ƙarafa 3 kamar yatsu, da wani zobe mai juyawa da ke danna su. Sa'ad da aka saki hannu, tilas a sami ƴar tazara tsakaninsu, misalin rabin milimita. Wanda ba shi da ma'auni ya zura bayan zarton yankan ƙarfe. Ya shiga da ƙyar, to kana kusa da daidai. In babu tazara ko kaɗan, zoben na danne da yatsun kullum, shi ne zamewa. In ta yi yawa, hannu ba ya isa ya raba faifan, shi ne ƙin saki. Kowane yatsa da nasa noti. Sassauta na kulle, juya na gyara kaɗan-kaɗan, ka gwada, ka sake kullewa. Nan ne ake son haƙuri: dukan ukun su zama tsayi ɗaya. In ɗaya ya fi, faifai zai ci gefe guda, tarakta ya riƙa zabura in za shi tashi.

An daidaita amma yana nan yana zamewa? Sai a buɗe. In mai ya taɓa fatar, a wanke ta da fetur, nesa da wuta da taba, a bar ta ta bushe. Kada a sa gazuwal, shi kansa maiƙo gare shi. A kuma nemi inda man ke yoyo. In fatar ta cinye har kawunan ƙusoshinta sun fito, ba sauran dabara. Ɗauki tsohon faifan ka kai Tawa, a ba ka irinsa, don ba duka ne girmansu ɗaya ba.

Akwai wata ɗabi'a da muke gani a garake: a ja hannun kuloci rabi don a rage gudu a ƙasa mai tauri. Wannan shi ke ƙone fata. A sa ƙaramar giya, ko a ba fili ruwa kwana 1 ko 2 kafin kaftu. Lokacin hunturu kuma, ƙura na shiga ko'ina: a share wurin zoben kowane mako, a sa masa giris kaɗan, ba mai yawa ba, don kada ya kai ga faifai.