Yadda shuɗi a haƙoran wata mata ya tona asirin masu zayyanar littattafai

A shekarar 2014, wata mai bincike a Jami'ar York da ke Ingila, Anita Radini, tana duba dauɗar da ta daskare a haƙoran mutanen da aka binne a ƙauyen Dalheim na ƙasar Jamus. Burin tawagarsu shi ne gano irin abincin da mutanen suka ci da cututtukan da suka yi fama da su. Sai ta hangi ƙananan ƙwayoyi shuɗaye fiye da 100 a haƙoran wata mata.

Matar, wadda masu binciken suka yi wa laƙabi da B78, ta rasu ne tsakanin shekarar 997 da 1162, tana da shekara 45 zuwa 60. An binne ta kusa da wani ƙaramin gidan mata Kiristoci masu zaman zuhudu. Babu wanda ya san sunanta.

Dutse mai tsadar zinare

Gwaji ya nuna cewa ƙwayoyin garin dutsen lapis lazuli ne, wanda Larabawa ke kira lazaward. A wancan zamani daga duwatsun Badakshan da ke arewa maso gabashin Afganistan ake haƙo shi, sannan fatake su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu na dubban kilomita kafin ya isa Turai.

Idan aka daka dutsen kawai, launin kan fito da toka-toka. Wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya bayyana yadda ake tace shi a wajajen 1400: a kwaɓa garin da kakin zuma da ƙaro da mai, sannan a yi ta murza curin cikin ruwan toka har tsantsar shuɗin ya fita. Wannan wahala da nisan tafiya ne suka sa farashinsa ke gogayya da na zinare.

Littafi kansa ba ƙaramar dukiya ba ce. A kan fatar maraƙi ko tunkiya da aka gyara ake rubutu, kuma babban littafi ɗaya kan cinye fatun garke guda. Bayan marubuci ya gama, sai mai zayyana ya ƙawata manyan haruffa da gefen shafuka da zinare da launuka. Shuɗi mai irin wannan tsada ba a danƙa wa ɗan koyo shi.

Ta yaya ya shiga bakinta?

A rahoton da suka wallafa a mujallar Science Advances a watan Janairun 2019, Radini da Christina Warinner da abokan aikinsu sun auna hanyoyi huɗu. Wataƙila matar ta sha dutsen a matsayin magani. Wataƙila ta riƙa sumbatar hotunan littafin addu'a. Wataƙila ta shaƙi ƙurarsa lokacin daka. Ko kuma ita ce mai zanen, tana lasar bakin buroshinta don ya yi tsini kafin ta ja siririn layi.

Masu binciken sun fi karkata ga ta ƙarshe. Ƙwayoyin sun warwatsu cikin dauɗar haƙoran, alamar cewa sun riƙa shiga bakin ne a kai a kai, ba sau ɗaya ba. Dauɗar haƙori kuwa tana taruwa ne sannu a hankali, tana daskarewa kamar dutse, tana kulle duk abin da ya maƙale a cikinta.

Sunayen da suka ɓace

An daɗe ana ɗauka cewa kwafe littattafai da zayyanarsu a Turai aikin maza ne masu zaman zuhudu. Dalilin wannan zato a fili yake: yawancin marubuta ba sa sa sunansu a aikinsu saboda tawali'u, kuma matan sun fi maza ɓoye kansu. Cikin littattafan da suka gabaci ƙarni na 12, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 ne ake iya danganta su ga mata. Littafin da ba shi da suna kuwa, sai a jingina shi ga namiji.

Amma akwai waɗanda tarihi ya riƙe. Diemut ta Wessobrunn da ke yankin Bavariya ta kwafe littattafai fiye da 40. Wata mai suna Guda, a ƙarni na 12, ta zana kanta a cikin wani babban harafi, ta kuma rubuta sunanta. Masaniyar tarihi Alison Beach, wadda ke cikin tawagar binciken Dalheim, ta shafe shekaru tana bin sawun irin waɗannan mata a Jamus.

Gidan zuhudun Dalheim ya ƙone a ƙarni na 14. Babu littafi ko ɗaya da aka san ya tsira daga cikinsa, sai harsashin gini da maƙabarta. Da don rubutu kaɗai aka dogara, da ba wanda zai taɓa sanin cewa shuɗin Afganistan ya isa wannan ƙauye, balle ya shiga hannun mace.

Binciken ya buɗe wa masu nazarin zayyana wata ƙofa. A da, sukan tsaya kan salon zane da irin rubutun hannu don gane wanda ya yi aiki. Yanzu suna iya tambayar ƙasusuwan da ke ajiye a gidajen tarihi. Sai dai akwai hasara: shekaru da dama masu haƙa sun riƙa kankare dauɗar haƙoran da suka tono, suna ɗaukarta ƙazanta ce. Ta B78 ta tsira, kuma a cikinta aka sami shaidar sana'arta kusan shekara 900 bayan rasuwarta.